Murɗi Tara

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a gidan ruwa, amma ko masu sa hannu a takardunsa ba da sunansa suke kiransa ba. Mai Makulli ake ce masa, daga manaja har mai shara. Makullin kuwa ba irin na aljihu ba ne. Sandar ƙarfe ce da ta kai masa ƙirji, da mariƙi a gicciye a samanta, da baki mai kusurwa huɗu a ƙasa. Kullum da safe zai ɗaure ta a jikin kekensa, ya bi gari yana ɗaga murafan ƙarfen da ke gefen titi, ya zura ta ya kama kan bawul, ya murɗa. Inda ya buɗe a sha ruwa, inda ya rufe a jira. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana, ga taurin kai na bugawa a jarida. Matarsa takan ce shi da ƙarfen nan maƙeri ɗaya ya ƙera su, sai dai shi ƙarfen in an ɗiga masa mai yana juyawa.

A bayan rumfar wani mai faci babban bututun garin yake rabuwa biyu. Ƙaton reshe ya gangara unguwar kwari, inda manyan gidaje suke, masu ciyawa shar a tsakar gida, tanki a ƙasa tanki a sama, ana wanke mota ko ba ta fita ba. Siririn reshe kuma ya hau unguwar tudu. Mutanen tudun ba su suka zaɓi tudu ba. A bakin kogi iyayensu suke da gidajensu da gonakinsu, aka tashe su lokacin da za a gina madatsar da garin yake sha, aka nuna musu kan duwatsu aka ce ga fili nan. Daga ƙofar gidajensu suna hango ruwan madatsar yana ƙyalli. Rabonsu a ciki famfo uku ne na kan titi, Talata da Asabar, daga ƙarfe shida zuwa tara na safe. In wannan ya kuɓuce sai a gangara rafin bayan juji, wanda wata masana'antar fenti take sako wa ruwan wankinta, yau ja gobe shuɗi.

A tudun nan yayarsa take zaune, tana wanki da guga. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har ya yi furfura ba ta daina yi masa kallon yaron da ta goya ba. Duk taurin kansa, in ta ce zauna sai ya nemi wuri.

Shekara biyar ɗin farko abin da takarda ta ce shi yake yi. Talata da Asabar ya buɗe ƙaramin bawul, na reshen tudu, ya rubuta a littafin aiki cewa an buɗe, ya wuce abinsa da zuciya fara. Sai wata Asabar, bayan ya buɗe, ya ce bari ya hau ya gai da Yaya. Ya tarar da layin bokitai da jarkoki ya miƙe daga famfon ƙarshe har ya sha kwana, wasu ma dutse aka ajiye ya riƙe musu layi. Famfon a buɗe yake, yana ta huci, ko ɗigo babu.

Wata tsohuwa ta ce, “Yau ma ba su buɗe ba ke nan.”

Yaya ta ce, “Ga mai buɗewar nan ya kawo kansa, ku tambaye shi.”

Ya ce, “Yaya, wallahi da hannuna na buɗe, ko awa ba a yi ba.”

Ta ce, “To koma ka faɗa wa ruwan, bai ji ba. Tun da aka gama sababbin gidajen can na ƙasa iska kuke aiko mana.”

Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai ajiye idonsa. Ya sauko ya tsuguna a bakin murafan nan biyu na bayan rumfar mai faci, ya daɗe yana kallonsu, sannan abin ya faɗo masa. Ruwa ba mahaukaci ba ne. Ga hanya buɗe warwar tana gangara, me zai kai shi hawan dutse? Muddin babban bawul, na reshen kwari, yana buɗe gaba ɗaya, ko sau ɗari ka buɗe ƙaramin, iska ce kawai za ta hau. Sau uku ya rubuta wa ofis haka da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. Amsar da ta dawo layi biyu ce. Jadawali ya riga ya ba wa tudu kwanakinsa, kuma babban bawul ba mai taɓa shi sai da izinin manaja a rubuce, wanda ya taɓa a bakin aikinsa.

Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Talatar da ta biyo ya zura makullinsa a babban bawul.

Murɗi ashirin da biyu bawul ɗin nan yake ci kafin ya rufe ruf. Ba rufewa ya yi niyya ba, matsewa kawai. Ya gwada murɗi biyar, ruwa ya tsaya a famfon farko. Ya gwada bakwai, ya kai na biyu yana tsiyaya. Da ya yi tara, sai ga ruwa a famfon ƙarshe, na kusa da ƙofar Yaya, yana dukan gindin bokiti da ƙarfi har mata suna ihu. Ƙarfe tara na cika ya mayar da murɗi taran nan yadda ya same su, ya rufe murfi, ya shafe sawunsa da ƙafa. Gidajen kwari tankunansu a cike suke kwana, ba wanda ya ji a jikinsa.

Haka ya yi shekara ashirin da shida, ruwa ko rana, lafiya ko zazzaɓi. Hutun shekara ma a gari yake yin sa, ya lallaɓo ya ari makulli da sunan zai shafa masa mai. Mai faci ne kaɗai yake gani, shi kuwa mutum ne da ya iya bakinsa, da ya ga keken ya tsaya sai ya duƙufa a kan taya kamar an aiko shi. Matarsa ba ta sani ba. Yaya ba ta sani ba, ita a tunaninta surutunsu ne ya kai kunnen manya aka gyara. Shi kuma yana jin daɗin hakan, har da wani ɗan alfahari a ɓoye, na mutumin da unguwa guda take sha daga hannunsa ba ta sani ba. A nan ne fa ya yi wautar da bai gane wauta ba ce sai da ta kusa cin mutane. Ya manta cewa kafaɗa tana tsufa, kuma gidan ruwa yana sallamar ma'aikaci in shekarunsa sun cika.

Ranar sallamar aka ba shi agogon bango da jawabi mai daɗi, aka karɓi makulli aka miƙa wa wanda zai gaje shi, wani magidanci mai natsuwa da aka ɗauko daga ɗakin injuna. Mai Makulli ya ja shi gefe.

Ya ce, “Ranar ruwan tudu, ka riƙa ɗan matse na ƙasan nan.”

Mutumin ya ce, “Malam, a rubuce yake?”

“Ba a rubuce yake ba.”

“To ka yi haƙuri. 'Ya'yana shida. Abin da ke rubuce shi zan yi.”

Ba wanda zai ga laifinsa. Daga makon nan famfunan tudu suka koma huci. Wata uku aka yi ana gangarawa rafin bayan juji. Hannun Yaya ya tsattsage, fararen kayan mutane suka fara fitowa da wani ɗorawa-ɗorawa, masu kawo mata wanki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin asibitin unguwar ya cika da yara masu gudawa, har ana shimfiɗa wasu a baranda. Mai Makulli yana gida a zaune, duk Talata da Asabar sai ya tashi ya saka takalmi, ya tuna ba shi da inda za shi, ya cire. Abinci ya daina shiga. Yana ta faɗa wa kansa ai ofis za su bincika su gano.

Suka kuwa bincika. Aka turo wata injiniya, sabuwar zuwa, mai ƙwazo da gaskiya. Ta hau da na'urarta ranar Talata, ta tabbatar an buɗe ƙaramin bawul, ta auna a famfo uku ba ta sami komai ba. Ta duba shekarun bututun, ta rubuta cewa ya tsufa ya toshe. Ofis ya yanke a tone shi a cire, a riƙa aika motar ruwa in hali ya yi. Kowa a tudu ya san ma'anar in hali ya yi. Kuma duk wanda ya yi aiki a gidan ruwa ya san cewa unguwar da aka cire bututunta an goge ta ke nan daga taswira, sake sa ta sai jikoki.

Ranar Alhamis mai faci ya rufe rumfa da tsakar rana ya zo har gida, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, “Baba, shekara ashirin da shida ban ga komai ba, kai shaida ne. Amma yau na ga katafila an ajiye a bayan rumfata. Litinin za su fara tono.”

Bayan ya tafi, Mai Makulli ya kira matarsa ya zayyana mata komai, tun daga Asabar ɗin farko. Ya ƙara da cewa takardun sallamarsa har yanzu suna kan teburin manaja ba a gama sa musu hannu ba, in ya buɗe baki yana iya fita da baƙin suna bayan shekara talatin da ɗaya. Ta saurare shi tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba sai da ya kai aya.

Ta ce, “Wato kwana biyu a mako kana da wata sana'a ban sani ba. Ni ina nan ina cewa mijina ba ya iya ɓoye ko allura.” Ta ajiye faranti. “Sunan naka in an wanke shi an goge, yaran can za su sha shi ne? Tashi ka nemo hularka ta kirki, wannan ta yi datti.”

Da safiyar Juma'a ya shiga ofishin injiniya. Ɗaki ne ƙarami, fanka tana juyawa da ƙyar, taswirar bututun gari ta cinye bango guda. Ta ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya je ya ɗora yatsa a kan siririn layin da ya hau tudu.

Ya ce, “'Yata, bututun nan lafiyarsa ƙalau. Ya fi ni lafiya.”

Ta ce, “Baba, na auna. Na kuma yi lissafi. Da ƙarfin ruwan da ke mararrabar nan ba zai taɓa hawa can ba.”

“Lissafinki daidai ne.”

“To ai ka gani.”

“In daidai ne, yaya aka yi suke sha har watan da na bar aiki?”

Ta jawo tsofaffin littattafan aiki ta fara buɗawa, ya ce ta bar wahalar da kanta, abin da take nema ba ya ciki. Sannan ya faɗa mata, a tsaye, hannunsa a baya, kamar mai ba da rahoton safe. Ranaku, awanni, murɗi tara.

Ta ce, “Baba, ka san abin da kake faɗa a kan kanka?”

Ya ce, “Na sani sarai. Ki rubuta da sunana. Abu ɗaya nake roƙo, gobe Asabar ce, a gwada kafin a tona.”

Manaja da ya ji labari ya tashi kamar zai tsaga rufi. A kwari gidansa yake, wannan kowa ya sani, ko da yake ba wanda ya ambata. Ya ce wannan cin amana ne, ya ce za a kafa kwamiti. Mai Makulli ya ce, “Ranka ya daɗe, a kafa, zan zo duk ranar da aka kira ni. Amma katafila ba ta jiran kwamiti.” Injiniya ta ce ita ta rubuta cewa bututu ya toshe, in kuwa bai toshe ba ita za a fara tambaya ranar da aka tone shi aka ga cikinsa fes. Manaja ya juya wannan magana, sannan ya ce su yi abin da za su yi, shi bai sani ba. Ta ce a'a, ranka ya daɗe, a rubuce ake so. Ya ja takarda ya sa hannu yana tsaki.

Ƙarfe shida na safiyar Asabar suka haɗu a bayan rumfar mai faci. Magajin Mai Makulli ya karanta takardar izini sau biyu, sannan ya zura makulli. Bawul ya cije, wata uku ba a motsa shi ba. Mai Makulli ya tofa yawu a tafin hannu ya kama ɗaya ɓangaren, suka danna tare har ƙarfen ya yi ƙara ya saki. Yana ƙirgawa a fili, kafaɗarsa tana masa zogi, bai tsaya ba sai a tara.

Ya ce, “Minti arba'in zai kai famfon ƙarshe. Mu tafi, a ƙafa ake binsa.”

Suka hau. Labari ya riga su, mata sun fito da bokitai, wasu da fata wasu don su ga ƙarshen ƙarya. Minti arba'in ya cika, famfo yana huci. Hamsin, shiru. Direban katafila da ya biyo su kallo ya ce, “Tsoho, ka bar mu mu yi aikinmu mana.” Injiniya ta dubi agogo ta dube shi, tausayinsa ya kama ta.

Shi ko a jikinsa. Ya karɓi sukundireba a hannun mai faci, ya dafa bakinta a kan bututu inda ya fito fili a gefen kwalbati, ya kafa kunne a kan mariƙin. Ya ɗan jima, sannan ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

Ya ce, “Yana nan. Iska ce ta tare masa hanya, wata uku tana zaune a ciki ta ɗauka gidanta ne.”

Ya wuce kai tsaye zuwa jikin katangar makaranta, inda bututun ya yi doro kafin ya sake miƙewa. Ya tone ƙasa da hannu, ya fito da wani ɗan noti da ko a taswira babu shi, ya sa sifana ya sassauta. Iska ta fito da wani irin fito mai kashe kunne, yara suka watse. Can sai ta koma tari, sai taɓo ya yi tsiri ya wanke masa fuska da hular kirkin nan. Ya ɗaure notin yana dariya, abin da mutane da yawa ba su taɓa ganin ya yi ba. Kafin su ƙarasa sama sun ji ihun. Ruwan ya zo ja, ya koma ruwan ƙasa, ya dawo fari tas yana dukan bokiti.

Injiniya, cikin murna da rashin sanin wace ce a gabanta, ta tsaya tana yi wa matan bayani. Ta nuna shi ta ce wannan bawan Allah shi ya yi shekara ashirin da shida yana matse bawul ɗin kwari a ɓoye don su samu. Mata suka fara sa masa albarka. Ya sunkuyar da kai yana jiran ta Yaya, don a duniya ba yabon da yake so kamar nata.

Yaya ta ajiye bokitinta a hankali. Ta ce, “Zo nan.”

Ya matso, taɓo yana ɗiga daga gemunsa.

Ta ce, “A ɓoye? Wato duk shekarun nan ruwan sata kake ba mu? Gonar ubanmu tana ƙarƙashin madatsar can, kai ka sani, a bayana kake ranar da aka tashe mu. Haƙƙinmu ne, ka mai da shi abin lallaɓawa kamar mai satar kaza. Da ka faɗa mana tun farko, da mun je mun zauna a ƙofar ofishin nan har sai an rubuta. Da ka faɗi ka mutu fa? Sai mu mutu da ƙishi ba mu san dalili ba?”

Maganar ta shige shi har ƙashi, don ya san gaskiya ce, kuma a shekara ashirin da shida bai taɓa kallon abin ta nan ba. Ya ce, “Na yi kuskure, Yaya.” Ta dube shi ta dube shi, sannan ta kamo bakin zanenta ta goge masa fuska da ƙarfi, kamar za ta sale fatar, idonta ya kawo ruwa.

Litinin aka ɗauke katafila. Bayan mako biyu masinja ya kawo masa ambulan da takarda biyu a ciki. Ta farko gargaɗi ce mai zafi, an ce za ta zauna a fayil ɗinsa har abada. Ya karanta ya miƙa wa matarsa, ta ce ta ga wurin da tebur yake rawa, can za ta cusa ta. Ta biyun sabon jadawali ne, da hatimi da sa hannu, kuma a layi na huɗu an rubuta cewa Talata da Asabar, shida zuwa tara, a matse babban bawul murɗi tara.

Ya hau tudu da ita a aljihun gaba, yana tafe yana taɓawa. Yaya ta sa ya karanta a bakin famfo da ƙarfi, kowa ya ji. Da ya gama ta ce ya sake karanta ranakun.

Ya ce, “Talata da Asabar.”

“Su na ƙasan fa?”

“Kullum.”

Ta ce, “To. Mu goma sha huɗu ne muka shirya, har da ma'aikaciyar asibiti. Alhamis muke so a ƙara mana, da maganar masu fentin can. Kai ka san ƙofar da ake shiga, kai za ka wuce gaba. Kuma wannan karon da baki za ka yi.”

Ya ninke takardar ya mayar aljihu. Ya ce manaja ba ya zama kafin tara, amma su zo takwas, don bencin ƙofar ofishin mutum shida kawai yake ɗauka.